Wai aikin uwa ne ke hana yaro girma?

Hajiya Inna: Ni dai ina kan bakana, macen da za ta fita 7 na safe sai magariba ta dawo yaronta ba ya ƙiba. Ga jikata nan wata 14 amma in kun ganta kamar 'yar wata takwas, uwar tana shago a Sabon Gari, an bar ta hannun 'yar aiki ita ma yarinya ce, koko tsararo da biskit shi ke nan har yamma, wallahi abin na ci min rai.

Maman Biyu: Hajiya ki yi haƙuri amma ban yarda ba. Mata nawa ne a cikin birni ko ƙofar gida ba sa leƙawa kuma tamowa ta kama 'ya'yansu? Ni da albashina nake sayen ƙwai da kifi da waken suya, in na zauna wa zai saya a tsadar nan

Anti Nas: Hajiya a maganarki ma amsar take, koko tsararo. Cikin yaro ɗan mitsitsi ne, ɗan shekara ɗaya yana son abinci sau 3 zuwa 4 a rana ban da ɗan abin taɓawa, ga nono har shekara biyu kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara. A dama kunun da kauri har ya tsaya a cokali, a sa gyaɗa ko manja ko garin zogale, kuma wani babba ya zauna ya lallaɓa shi ya ci, don yaro yana kau da kai sau biyu 'yar aiki za ta ɗauke kwanon. Wata 6 na farko kuwa nono zalla, ko ruwa babu.

Malama: Anti ta yaya? Hutun haihuwa na wata 6 da gwamnatin Kaduna ta amince da shi a 2019 na ma'aikatanta ne, mu na makarantun kuɗi bai shafe mu ba. Doka ta ce mako 12, ni sati shida aka kira ni, kullum daga Tudun Wada zuwa Samaru, ina cikin aji nono na zuba yana jiƙa min hijabi ɗana yana gida yana kuka.

Anti Nas: Ki riƙa tatsa a kofi mai murfi, yana kai awa 4 a inuwa, a ba shi da cokali.

Hajiya Inna: To awa 4, ita uwar jikata awa goma sha ɗaya take yi fa. Gobe zan karɓo yarinyar ta riƙa wuni wurina, Anti ki turo min yadda ake haɗa garin kunun.