Siffofi cikin juna da siraran layuka: tazara ta ƙi daidaita, layukan kuma sun ɓace a wurin bugu

Ɗan Koyo:

Assalamu alaikum. Ina gaida malamaina da yayyena da ke wannan zaure, tare da roƙon a taimaka mini da shawara a kan wani aiki da ya tsaya mini a rai. Wata takwas ke nan da na fara koyon zane da CorelDRAW, kuma a makon jiya iyayenmu suka danƙa mini katin gayyatar bikin ƙanwata, wanda shi ne aiki na farko da zan yi da sunan gidanmu. Katin girman A5 ne, wato milimita 148 a faɗi da 210 a tsawo. Na yi niyyar kewaye rubutun da layuka bakwai masu kusurwa huɗu, kowanne a cikin ɗan'uwansa, kusurwoyinsu a lanƙwashe, sannan a saman katin in sa tauraro mai tsini takwas wanda shi ma yake da ƙananan taurari uku a cikinsa. Duka layukan na ba su launin ruwan zinare, na kuma zaɓi kauri mafi siranta da manhajar take da shi, wanda aka rubuta wa Hairline, domin ina son adon ya fito da laushi kamar ɗinkin hannu a wuyan riga.

Yadda na yi shi ne, na zana na waje, na kwafe shi, na rage girmansa zuwa kashi 95 cikin 100, na yi ta maimaita haka har suka cika bakwai. Matsala ta farko ita ce tazarar sama da ƙasa ta fi ta dama da hagu faɗi, kuma duk yadda na ja da linzami sai wani gefen ya karkace. Ta biyu kuma, da na kai aka buga mini kwafi goma na gwaji a injin bugu mai launi, sai layukan suka fito a tsittsinke kamar jerin ɗige-ɗige, wasu wuraren ma babu su ɗungurungum, alhali a allon kwamfuta lafiya lau suke. Saura kwana goma sha biyu a fara rabon kati, kuma za a buga guda 500. Mene ne kuskurena?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Zan ɗauki matsalar tazara, domin lissafi ne kawai, kuma da zarar ka gan shi da idonka ba za ta sake damunka ba.

Mu ɗauka layinka na waje milimita 128 ne a faɗi da 190 a tsawo, wato ka bar milimita 10 a kowane gefen takarda. Idan ka rage shi zuwa kashi 95, faɗin zai koma 121.6, tsawon kuma 180.5. Abin da ya ragu a faɗi shi ne 6.4, wanda idan aka raba shi biyu ya zama tazarar 3.2 a dama da hagu, amma abin da ya ragu a tsawo 9.5 ne, wato 4.75 a sama da ƙasa. Ka ga ke nan hannunka bai yi laifin komai ba. Ragewa da kaso tana cin gefe mai tsawo fiye da gajere. Bugu da ƙari, da yake kowane kwafi daga wanda ya gabace shi kake rage shi, tazarar tana ƙara matsewa yayin da kake shiga ciki, ta biyu ta zama 3.04 maimakon 3.2, haka har zuwa ta ƙarshe.

Abin da kake buƙata shi ne a matsar da kowane gefe ciki da nisa iri ɗaya, kuma CorelDRAW tana da kayan aikin da aka yi domin haka, wanda ake kira Contour. Ka zaɓi layin waje shi kaɗai, ka danna Ctrl da F9, ka zaɓi ya shiga ciki, ka rubuta matakai 6 da tazarar milimita 2, sai sauran shidan su fito a jere ba tare da ka taɓa ko ɗaya ba. Idan ka gamsu da su, Ctrl da K za su raba su da uwarsu, Ctrl da U kuma su warware ƙullin, yadda za ka iya gyara kowanne shi kaɗai. Masu aiki da Adobe Illustrator suna samun irin wannan a ƙarƙashin sunan Offset Path.

Ka kuma riƙa tuna cewa kaurin layi a kan tsakiyar hanyarsa yake zama, rabi a ciki rabi a waje. Saboda haka idan tazararka milimita 2 ce kuma kaurin layin 0.3, farin da ido zai gani tsakanin layi da layi 1.7 ne. A babban allon talla wannan ba abin damuwa ba ne, amma a kati da mutum zai riƙe a hannu yana dubawa, yana canza kamannin adon.

Game da tauraron kuwa, hanyarka ta farko ba ta da aibi. Da'ira da murabba'i da tauraro mai tsini takwas duk gefunansu nisansu ɗaya ne daga tsakiya, don haka idan ka riƙe Shift ka ja kusurwa, za su ragu daidai ta ko'ina. Sai dai ka cire adadi iri ɗaya a kowane mataki, kada ka riƙa maimaita kaso. Inda wannan dabarar take ba da kunya shi ne a alwatika da tauraro mai tsini biyar, domin manhajar tana ɗaukar tsakiyar akwatin da ya kewaye siffar ne, wanda bai faɗa a kan ainihin cibiyarta ba, sai ka ga na cikin ya haura sama ya kusa taɓa gefunan.

Baban Inji:

Malam Tsohon Hannu ya gama da lissafi, ni kuma bari in yi magana a kan abin da nake gani kullum a bakin inji, domin shekaruna sama da ashirin ina wannan sana'a, kuma babu abin da ya fi haɗa mu rigima da masu zane irin siririn layi mai launi.

Yarona, wannan Hairline ɗin da ka zaɓa kaurinsa kusan milimita 0.076 ne. Allon kwamfuta yana ruɗin mutum a nan, saboda komai sirantar layi sai ya nuna maka shi da aƙalla ɗigo ɗaya na haske, har ka ɗauka haka zai fito a takarda. Injin bugu kuwa ba shi da tawadar ruwan zinare a cikinsa. Tawada huɗu yake da su, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, kuma duk launin da bai cika kashi 100 na ɗayansu ba, da ƙananan ɗige-ɗige ake haɗa shi. A bugun da ake jera layin ɗigo 150 a kowane inci, gurbin ɗigo ɗaya ya kai kusan milimita 0.17, wato ya ninka kaurin layinka sau biyu har da ɗoriya. To layin da bai kai faɗin ɗigo ɗaya ba, ta yaya ɗige-ɗige za su zana shi? Inda ya ci karo da ɗigo sai ya bayyana, inda ya faɗa tsakanin biyu sai ya ɓace, kuma abin da ka gani a kwafin gwajinka ke nan.

Ka gode wa Allah da ka yi gwaji kafin a fitar da faranti, wato faifan da ake ɗora zanen a kansa domin babban injin bugu. Idan aka zo buga 500 ɗin a babban inji, kowace tawada da farantinta, kuma takarda tana ɗan motsawa ko ta miƙe tsakanin wannan launi da wancan. A hoto ko babban rubutu ba a lura da wannan gocewar, amma a layi mai sirantar gashi sai ka ga rawaya ta leƙo ta gefe ɗaya, ja ta ɗaya gefen. Na taɓa karɓar aikin takardar shaidar kammala karatu da aka yi wa ado da layuka kusan ashirin cikin juna da launin toka, muka buga, suka fito kamar an yayyafa ƙasa a gefen takardar, dole aka sake faranti, kuma asarar a kanmu ta faɗa domin ba mu duba fayil ɗin da kyau ba tun farko.

Shawarata ita ce, layi mai tawada ɗaya cikakkiya, kamar baƙi kashi 100, kada ya gaza milimita 0.09, wanda ya yi daidai da kwata na ma'aunin pt da ake auna haruffa da shi. Layi mai haɗin launuka irin naka kuwa ka kai shi 0.25 ko 0.3, ka kuma haɗa launin da tawada biyu ko uku kawai, ka cika rawayar sosai domin ta riƙe jikin layin. Farin layi a kan duhun bango shi ma yana son kauri, saboda tawadar da ke gefensa tana malalowa ta cinye shi. Idan kuma zinare na gaske mai ƙyalli kake so, wannan aiki ne na daban, ko dai tawada ta musamman a faranti na biyar, ko kuma wanda ake mannawa da zafi, kuma sai ka tambayi mai injin kaurin da kayansa suke iya ɗauka kafin ka zana.

Abu na ƙarshe, ka danna F12 ka duba akwatin da aka rubuta wa Scale with object. Idan babu alama a cikinsa kuma wani ya rage girman aikinka, layukan za su riƙe kaurinsu su cushe. Idan akwai alama, za su sirance tare da aikin har su koma inda muka fito. Mafita ita ce ka yi zanen a ainihin girman da za a buga, ka kuma gaya wa masu bugun kada su taɓa girmansa.

Maman Biyu:

Allah ya saka wa Baba da alheri, na ƙaru ƙwarai. Ni da Inkscape nake aiki, wadda kyauta ce kuma tana nan tun 2003, don haka zan ƙara kaɗan saboda masu karatu irina. A cikinta Ctrl da alamar buɗe baka suna matsar da siffa ciki, amma idan aka yi ta maimaitawa a kan kwafin kwafi, kusurwoyi suna lalacewa, ƙulle-ƙullen da ke riƙe da layin kuma su yi yawa. Dalilin shi ne manhajar kintata sabon lanƙwasan take yi, kuma ƙaramin kuskuren kowane mataki yana hawa kan na baya. Ga siffa mai kusurwa huɗu na fi son in rubuta lambobin da hannuna, in cire milimita 4 daga faɗi da 4 daga tsawo a kowane mataki, sannan in daidaita su duka a tsakiya.

Ƙanena, na san rabin mutanen da za ku gayyata ta WhatsApp katin zai same su, kuma a can ma siririn layi yana shan wahala. Layin milimita 0.09 idan aka fitar da hoto a kan ɗigo 300 a inci, da ƙyar yake cika ɗigo ɗaya, sannan WhatsApp ta matse hoton ta rage girmansa, sai layukan su dusashe, wasu su fi wasu duhu, wani lokaci ma wani irin zane mai kama da igiyar ruwa ya bayyana a tsakaninsu. Ka yi kwafi na biyu domin waya kaɗai, ka rage layukan zuwa uku ko huɗu, ka ƙara musu kauri, ka tura wa kanka ka duba a ƙaramar waya kafin ka tura wa dangi.

Ɗan Koyo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na bi abin da kuka ce, na sa tazarar milimita 2 da kaurin 0.3, an sake buga mini gwaji yau da safe, layukan sun fito cikakku babu tsinkewa, har mahaifiyarmu ta riƙe katin tana juya shi a hasken taga. Saura abu ɗaya: lanƙwasan kusurwar yana raguwa yayin da ake shiga ciki, ukun farko na ciki suna da shi, amma ukun ƙarshe sun koma masu tsini. Shin manhajar ce ta yi kuskure?

Tsohon Hannu:

Manhajar daidai ta yi, ƙanena. Duk lokacin da layi ya matsa ciki da milimita 2, lanƙwasan kusurwarsa ma yana raguwa da 2, domin ta haka ne kaɗai tazarar za ta kasance ɗaya har a kan kwanar. Daga bayaninka, lanƙwasan layin wajenka milimita 8 ne, sai ya koma 6, sai 4, sai 2, daga nan ya ƙare, sauran ukun suka zama masu tsini. Matakai shida suna cin milimita 12, saboda haka ka mayar da lanƙwasan na waje ya zama 15, sai na can ciki ya tsira da 3. Kada ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana ba su lanƙwasa iri ɗaya da hannu, domin hakan zai buɗe tazarar a kusurwoyi ta fi ta gefuna, ido kuma yana saurin kama wannan. Ka goge na cikin, ka gyara na wajen, ka sake Contour daga farko, sannan ka ƙara buga kwafi ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi katin da ita kafin ka ba su izinin fitar da faranti.