Janar mai ritaya na neman ƙuri'a: abin da jama'a suka ce a duba

Jama'a, muhawarar da aka yi kan abin da ya kamata a duba idan janar mai ritaya ya fito neman ƙuri'a ta yi tsawo, ga abin da na tattara. Galibi misalin marigayi Buhari a zaɓen 2015 aka riƙa kawowa.

1. Kusan kowa ya yarda a raba aikin bariki da mulkin soja. Abin da mutum ya yi yana kwamanda daban, abin da ya yi bayan juyin mulki daban.

2. A fagen daga, an yaba yadda Buhari ya kori sojojin Chadi daga yankin Tafkin Chadi a 1983, yana shugabantar runduna ta uku a Jos. Nan aka rabu: wasu sun ce jarumta ce, wasu sun ce ya zarce umarnin Shagari, alhali soja na ƙarƙashin farar hula ne.

3. Inda aka fi zafi shi ne mulkinsa daga ƙarshen 1983 zuwa Agusta 1985. Masu goyon baya sun tuna yadda aka koyi bin layi a tasha da banki. Masu suka sun kawo Doka ta 4 da ta ɗaure 'yan jarida biyu a 1984, da tsare mutane ba shari'a. Ni dai a ganina wannan ba abin da za a share ba ne, dole a tambayi ɗan takara ya amsa da bakinsa.

4. A saurari waɗanda suka yi aiki ƙarƙashinsa, ba 'yan kamfe kaɗai ba.

5. Wasu sun ce a duba ko ya taɓa miƙa mulki da kansa, kamar Obasanjo a 1979.