"Sabo da kaza ba ya hana yanka ta": wai wa ake faɗa wa wannan maganar?

Maman Godiya:
Salama gare ku 'yan'uwa. Dan Allah masana karin magana ku raba mana gardama. Ina kiwon kaji a bayan gida nan Sabon Tasha, na gida ne yawanci sai 'yan agric kaɗan da nake zubawa saboda Kirsimeti, to akwai wani jan zakara da autata ta shaƙu da shi tun yana ɗan tsako, ita ke watsa masa tsaki kafin ta tafi makaranta, da ta ji babanta ya ce shi za a yanka ranar biki sai kuka har ta ƙi cin abinci, kakarta uwar maigidana ta ce mata "ke yi shiru, sabo da kaza ba ya hana yanka ta." Maganar ta zauna min a rai, saboda ni ma ina fama da nawa, likita ya ce jinina ya hau kuma dole in rage ƙiba, shi ne a taron Zumuntar Mata da aka miƙo min lemon kwalba na ce a'a na gode, sabo da kaza ba ya hana yanka ta, ni da suga mun rabu. Wata mama babba ta kira ni gefe ta ce ba a nan ake sa wannan karin maganar ba, kuma ma ba magana ce da ta dace da bakin uwa mai bi ba. Shin tana da gaskiya?

Baba Dogara:
'Yata sannu da ƙoƙari, Ubangiji ya ƙara lafiya. Maman nan tana da gaskiya a rabin farko. Wannan magana gargaɗi ce, kuma kazar ake yi wa gargaɗin ba mai wuƙa ba. Mu da muka tashi a Zariya inda muke jin ta shi ne in an ga yaron sarki ko yaron wani attajiri ya fara ɗaga kai don yana cin abinci kwano ɗaya da maigidansa, sai manya su ce masa kai bi a hankali, sabo da kaza ba ya hana yanka ta, wato kusancin nan ba zai cece ka ba ranar da ka taka doka. Ke kuma kin ɗauki wuƙar kin riƙe kin mai da suga kaza. Suga bai san kin saba da shi ba balle ya saki jiki.

Talatu Bukuru:
Baba ka yi haƙuri amma ban yarda ba. Maganar tana da baki biyu ai. Wa ya saba da kazar? Mai kiwonta ne ya saba da ita, kuma shi ne zai daure ya yanka. Ni na sha jin ta daga bakin mai yanke hukunci, misali shugaban makaranta zai kori malamin da suka yi shekaru tare saboda ya ci kuɗin jarrabawar yara, a zo ana roƙo ya ce ku yi haƙuri sabo da kaza ba ya hana yanka ta. To meye bambancinsa da Maman Godiya? Abu ne tana so, ta saba da shi, kuma ta ga dole ta rabu da shi. Ni dai a wurina ta sa ta daidai.

Malam Sani Fagge:
Assalamu alaikum, ni maƙwabcinku ne Musulmi amma zancen ya ja ni. Mu a kasuwa a Kano duka biyun ana yi. Mai shago yakan faɗa wa kwastoman da ya saba cin bashi ranar da zai hana shi, kuma abokai sukan faɗa wa wanda ya cika wasa da ɗan sanda ko jami'in haraji don sun saba gaisawa. Abin da na lura kawai, duk inda na ji ta mutum biyu ne a ciki, ɗaya na da iko a kan ɗaya. Ban taɓa jin an faɗe ta a kan abinci ko taba ba, amma da na karanta ta Maman Godiya ban ji ta yi min bambarakwai ba wallahi, nan take na gane nufinta.

Baba Dogara:
Malam Sani ka taimake ni, mutum biyu, ɗaya na da iko. Hausa ba ta rasa maganar da za a yi wa halin da ya kama mutum ba, akwai ta: sabo turken wawa. Wannan ita ce ta shayi mai suga cokali huɗu da lemon kwalba bayan kowane abinci. Turke ne, kana ɗaure kana zagaye wuri ɗaya.

Rifkatu:
Haba Baba, yanzu matar da ta haifi yara ta yi jego ta sha kunun kanwa da farfesu kamar yadda iyayenmu suka ce ta yi, jiki ya buɗe, sai a kira ta wawa? Ban ce haka kake nufi ba amma in ka faɗa wa mace wannan a gaban mutane haka za ta ji.

Ni kuma damuwata rabin na biyu ne da ba wanda ya taɓa, abin da aka faɗa wa yarinyar. Yarinya ƙarama tana kuka saboda tana ƙaunar abu, sai a koya mata cewa wanda ke ba ka abinci yau shi zai yanka ka gobe? Ku duba Matiyu 23:37, da Yesu zai kwatanta yadda ya so ya tattara mutanen Urushalima, kaza ya ɗauko, yadda take tattara 'yan tsakinta a ƙarƙashin fikafikanta. Kuma Karin Magana 12:10 ta nuna mai adalci yana kula da ran dabbarsa. Ban ce kar a ci nama ba, ni ma ina ci, amma in zan ba 'yata karin maganar kaza gara in ba ta "kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa", ta san dalilin da ya sa nake hana ta yawo bayan magariba.

Talatu Bukuru:
Anti Rifkatu kakar ba ta yi laifi ba fa. Yaran da suka tashi a gidan kiwo dole su san daga ina nama ke zuwa, mu ma haka aka yi mana. Ayar da kika kawo ta kula da ran dabba ba ta hana yanka ba, ta hana wulaƙanci ne, ka ba ta ruwa ka share akurki kar ka ɗaure ta a rana. Ɓoye wa yaro gaskiya a ce zakara ya ɓata alhali yana tukunya, wannan ne ni nake ganin bai dace da mai bi ba.

Rifkatu:
Ban ce a yi mata ƙarya ba. A zaunar da ita a yi mata bayani, ba a jefa mata karin magana a ce yi shiru ba.

Sista Ladi:
Bari in shigo ta gefen aikina, nas ce ni. Maman Godiya ni abin da ke ban tsoro da "yanka" shi ne yadda matanmu ke ɗaukar rage ƙiba, rana ɗaya mace za ta yanke tuwo ta yanke shinkafa ta yanke mai ta koma ruwan zafi da lemon tsami, sati biyu jiri ya fara ɗibarta ga aikin gida ga yara ga kasuwa, sai ta koma ta ci fiye da da, ta ce ai ita jikinta ne haka. Akwai abin yankawa akwai abin ragewa. Lemon kwalba kam yanke shi, kwalba ƙarama ta 35cl tana ɗauke da suga kusan ƙaramin cokali 9, kuma ba ya ƙosar da ke. Amma tuwo ragewa ake, malmala ɗaya maimakon biyu, miya ta fi yawa, ganye ya fi yawa, ga zogale ga rama ga yakuwa ga alayyaho duk muna da su, in kina samun acha ki riƙa yin gwate da ganye da yawa kamar yadda mutanen Filato ke yi. Mai ki auna da cokali kar ki tuttula daga galan. Da yake jininki ya hau gishiri da dunƙulen magi su ne manyan abokan gabarki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kar ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan duka har da wanda ke cikin magi, kuma tafiya da sauri minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, ko zuwa coci da kasuwa a ƙafa ya shiga lissafi in kina ɗaga ƙafa.

Kajinki kuma alheri ne gare ki, dafaffen ƙwai da safe yana riƙe ciki fiye da burodi da shayi mai suga, naman ki cire fatar ki yi farfesu ko gashi maimakon suya cikin mai. Dan Allah ki guji shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, da yawansu gudawa da fitsari kawai suke sa ki, ruwa ne ke fita ba kitse ba, ga mai hawan jini kuma haɗari ne. Maganin da likita ya ba ki kar ki daina don kin ga sikeli ya sauka sai shi ya ce. In karin magana kike so ni tawa ita ce sannu ba ta hana zuwa.

Maman Godiya:
Na gode Sista, na gode kowa. Gaskiya ba lemon ne ya fi ba ni wuya ba, mutane ne. Da zanin ankon zumunta ya fara yi min yawa dangin maigida suka fara tambaya ko lafiya, wata har ta ja shi gefe ta ce ko ba ya ba ni abinci ne, don a wurinsu matar aure in ta yi jiki shi ne alamar tana cikin hutu. Ga tukunya ɗaya muke ci da maigida da yara, ba zan iya girki biyu ba da tsadar gas ɗin nan, ga ragowar abincin yara da ba na iya zubarwa sai in cinye a tsaye a kicin, yanzu dai kaji nake juye wa kuma sun fi ni buƙata. Kowane taro kuma, suna ne ko bikin aure ko godiya a coci, cincin da lemo za a ajiye miki, in kin ƙi a ce kina girman kai. Shi ya sa na nemi magana mai nauyi da zan faɗa a bar ni, in na ce likita ya hana sai a ce ɗaya dai ba zai kashe ki ba, amma da na jefa karin magana sai aka yi dariya aka ɗauke kwalbar.

Malam Sani Fagge:
To ai kin ga ta yi aikinta ke nan. Amfanin karin magana ke nan, ta kashe musu ba tare da an ɓata wa kowa ba.

Baba Dogara:
Rifkatu na ji ki, na janye wawa daga kan 'yata, amma ban janye daga kan ma'ana ba. Cewa magana ta yi aiki a taro ba ya nufin an sa ta a gurbinta. Abin da nake tsoro shi ne yaranmu na birni da Hausarsu ta coci da kasuwa ce kawai, in suka ji ana sa ta a kan suga za su ɗauka ma'anarta "ka daure ka bar abin da kake so", gargaɗin da ke ciki ya ɓace, alhali shi ne ya fi amfani ga yaron da zai je aiki ƙarƙashin wani.

Talatu Bukuru:
Baba ba za ta ɓace ba, ƙaruwa ta yi. Su kakanninmu da suka ƙirƙiro ta ba su da lemon kwalba ne shi ya sa.

Bitrus Mai Kaji:
Ku bar ni da gefen kajin. Mama shawara biyu. Ta farko, a gidana yara ba sa raɗa wa agric suna, don broila sati 6 zuwa 8 ta kai yanka, ba ta zo zama ba. Wadda yaro zai saba da ita ki ba shi kaza ta gida mace, tasa ce, ta yi ƙwai ta yi kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ya ga 'yan tsaki, in sun girma a sayar a saya masa takalmi, kin ga an rabu da kuka. Wannan zakaran kuma in ba shi kaɗai gare ku ba ki roƙi Baban Godiya a bar shi ya zama na barbara, a yanka wani.

Ta biyu ita ce mai muhimmanci, hunturu ya kusa, lokacin cutar Newcastle ke nan, za ki ga kaza ta yi zugum fikafikai sun zube, kashi kore, wuya ya murɗe, cikin 'yan kwanaki akurki ya zama wayam, kuma ba ta da magani sai rigakafi. A nan ne ma ake cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, mutane na riƙe kaji suna jiran farashin Kirsimeti sai cuta ta riga su. Kar ki sayo kaza a kasuwa ki haɗa da naki kai tsaye, ware ta kamar sati biyu tukun.

Maman Godiya:
Yaya Bitrus wane rigakafin zan nema, kuma na gida ma ana yi musu? Ni na ɗauka na agric ne kawai.

Bitrus Mai Kaji:
Ana yi musu sosai, su ma tana kashe su. Akwai Lasota da ake sawa a ruwan sha, sai dai tana son sanyi, in an bar ta a zafi ta lalace, ki saya wurin da ke da firji mai aiki ki kawo ta cikin ƙanƙara, ki hana su ruwa kamar awa biyu kafin ki ba su don su sha da sauri, kuma ruwan rijiya za ki sa ba na famfo mai kulorin ba. Akwai kuma I-2 da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da mu nan Jos ke yi, ita ta fi jure zafi shi ya sa ta dace da kajin gida, ɗigo ɗaya ake sa wa kowace kaza a ido, a maimaita bayan kamar wata huɗu. Ki tambaya a ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku, kuma kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, ku haɗu da matan zumuntarku masu kiwo ku yi rana ɗaya. Wadda ta riga ta kamu kar ki yi mata, ware ta kawai.