Wata huɗu ke nan na kasa buɗe baki in yi waƙa

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. A ɓoye sunana don Allah. Aminiyata ta huta wata huɗu da suka wuce. Shekara 17 muna tare. A kasuwar Farin Gada muka haɗu, tana sayar da kabeji ina tumatir, ranar da ruwa ya dake mu ta ja ni ƙarƙashin lemarta. Ita ta kai ni Zumuntar Mata, ita ta koya mini gwaten acca yadda surukata ba za ta yi ƙorafi ba. A layin waƙa kullum tana hannun damana, idan na ɓata murya sai ta mintsine ni. Daren ƙarshe ta kira sau biyu, na ce sai da safe. Bayan jana'iza mamanta ta ba ni zanenta na zumunta, yana cikin leda har yau. Yanzu an ce ni zan ja waƙar da take ja ranar Kirsimeti. Na gaskata da tashin matattu, amma ina jin haushin Allah, sujada ma sau biyu na je. Zunubi nake yi? In karɓi waƙar?

Dattijo na Bukuru: 'Yata, buɗe 1 Tasalonikawa 4:13. Bulus ya hana mu baƙin ciki irin na marasa bege. Wata huɗu ya isa. Ki ɗaura zanen, ki ja waƙar. Shaiɗan ne ke raba ki da majami'a.

Maman 'Yan Biyu: Baba, da girmamawa, ayar ba ta hana kuka ba, rashin bege ta hana. Yesu ya san zai ta da Li'azaru da ya kwana huɗu a kabari, duk da haka ya zub da hawaye. 'Yar'uwa, ki yi kukanki. Abokan Ayuba ma kwana bakwai suka yi shiru, da suka buɗe baki ne suka ɓata.

Ɗan Tudun Wada: Ke dai kin samu zane. Da yayana ya rasu, mako uku gawa na ɗakin ajiya muna jiran dangi daga Legas. Suka zo suka ce a buga riguna da hotonsa, a yanka saniya, aka bar ni da bashi. Bayan an watse ko mutum ɗaya bai leƙo matarsa ba. Mutanenmu sun iya biso, ba su iya ta'aziyya ba.

Dattijo na Bukuru: Shekara 30 ina dattijon ikilisiya, na binne mata da ɗa. Washegari ina kan benci. Wanda ya zauna a gida sanyi ne ke cinye shi.

Mai tambaya: Baba, ban ce na bar majami'a ba. Yara na zuwa, ni ke shirya su. Kuma ba zama nake a gida ba, kullum ina kasuwa, teburinta na gefena, wata ce a kai yanzu.

Malamar Jinya: Kina barci kuwa? Kina cin abinci? Maganar kiran nan ce ta tsaya mini. Ki samu matar fasto ko wani mai ba da shawara ki faɗa da baki. Waƙa ba ta gudu, ko Ista kya ja.

Mai tambaya: Ina barci lafiya, ba ciwo nake ba. Matar fasto kuma ita ce ta ce in ja waƙar, wai hakan zai warkar da ni.

Maman 'Yan Biyu: To ki ce mata ba yanzu ba. Ki tsaya a layin baya ki motsa baki kawai, Ubangiji na ji.

Dattijo na Bukuru: Layin baya ba shaida ba ce. Ita marigayiyar da tana nan me za ta ce miki?

Mai tambaya: Da mintsini na za ta yi, Baba. Jiya na kwance ledar, har yanzu zanen na ƙamshin man da take shafawa, na mayar na ƙulle. Gwajin waƙa ranar Alhamis ne ƙarfe huɗu. In na je da nawa zanen, za su ce wani abu?