Wai ya aka yi 'yan Ailan suka kai fim da yarensu har Oscar?

Ɗan_Jidda: Salam jama'a. Daren jiya bayan na taso daga aiki na kalli wani fim na ƙasar Ailan, An Cailín Ciúin, na 2022. Kusan duka da yarensu aka yi shi, sai dai ka bi fassarar ƙasa. Wata yarinya ce aka kai riƙo ƙauye wajen dangi, ba faɗa ba rawa, magana ma kaɗan, amma wlh wajen ƙarshe shayina har ya huce ban sani ba. Wai har ya shiga takarar Oscar a 2023. Ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 5 da ɗoriya ba fa! Wa ke ba su kuɗin irin wannan?

Umman_Walid: Riƙo kuma? Ashe su ma suna yi, ni da aka riƙe ni wajen gwaggona ai sai na nema.

Baba_Sharafiyya: Ɗana, gwamnati ce ke tsaya musu. Suna da hukumar fim tun 1980, an rufe ta a 1987, aka dawo da ita 1993, yanzu sunanta Screen Ireland. Ita da tashar TG4, mai watsa shirye-shirye da yarensu, suna cikin waɗanda suka zuba kuɗi a fim ɗin nan, kuma shi ne dogon fim na farko da daraktan, Colm Bairéad, ya yi na labari. Ga rangwamen haraji na kashi 32 cikin ɗari da ake yi wa masu shirya fim, ga bikin fim da ake yi a Galway duk watan Yuli inda sababbin hannu ke nuna aikinsu.

Ɗan_Jidda: Allah ya ƙara girma Baba, to ashe kuɗi ne kawai.

Malama_Hadiza: A'a ba kuɗi kawai ba ne, ƙaramin fim irin wannan ba shi da kuɗin talla, masu sharhi ne suka ɗauke shi a ka tun daga bikin fim na Berlin, jaridu suka yi ta rubutu har mutane suka fara tururuwa sinima. Kuma sharhin nasu aikin suke dubawa, haske, sauti, inda labari ya yi rauni. Mu kuwa ka ce fim ya yi jan rai sai yaran jarumi su yi maka ca a Facebook wai hassada kake, ni an taɓa yi min har sai da na goge.

Baba_Sharafiyya: Gaskiyarki 'yata. Nan Saudiyya ma ai sai 2018 aka sake buɗe sinima, 2021 aka fara bikin fim na Red Sea a Jidda. In na bana ya zo ku neme ni mu je tare, amma tikiti kowa ya sayi nasa.