Neman shawara: in ci gaba da goge saƙonnin Kawu ko in ƙyale?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ni ce admin a guruf ɗin danginmu na WhatsApp, tun zamanin korona Kawunmu yake turo bidiyoyi kan allurar rigakafi kuma har yau bai gaji ba, yau a ce an sa na'ura a ciki, gobe a ce tana hana haihuwa. Ƙanina mai karatun likita ya ce in dinga gogewa, da na fara sai Kawu ya ce dama haka Facebook suka yi wa masu faɗin gaskiya. Yanzu guruf ya dare biyu, masu "ku bi likitoci" da masu "ana ɓoye mana wani abu", har gaisuwa ta yi wuya. Ya zan yi?

Abu Hanif: Wa alaikumus salam. Maganar Facebook ɗin nan fa Kawu yana da abin kamawa. A Fabrairun 2021 sun hana a rubuta cewa ɗan Adam ne ya ƙirƙiro cutar, watan Mayu kuma suka janye dokar lokacin da Biden, shugaban Amurka a wancan lokacin, ya sa a binciki asalinta. A 2024 Zuckerberg, shugaban kamfanin Facebook, da kansa ya rubuta wa majalisar Amurka cewa gwamnati ta matsa musu lamba su sauke wasu rubuce-rubuce kan korona. Ga Li Wenliang, likitan birnin Wuhan na China da 'yan sanda suka ja wa kunne don ya gargaɗi abokan aikinsa, cutar ce ta kashe shi a Fabrairun 2020. Wanda ya san waɗannan kika goge masa saƙo ai ƙara masa hujja kika yi.

Maman Iman: Ni nas ce, ban musa ko ɗaya ba Abu Hanif, amma duk wannan bai sa na'ura ta shiga cikin allura ba. Abin da ya rikita mutane shi ne sauya magana, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da farko ta ce mai lafiya ba sai ya sa takunkumin fuska ba, a Yunin 2020 ta ce a sa, sabuwar cuta ce ana koyonta ana tafiya, laifinsu dai sun riƙa magana kamar sun gama sani. Kuma matsalar daskarewar jini ta allurar rigakafin kamfanin AstraZeneca wa ya sanar? Hukumar magunguna ta Turai ce a Afrilun 2021, ta ce akwai alaƙa amma da wuya ake samu, ƙasashe da dama suka daina yi wa matasa ita. Masu ɓoye abu ba haka suke yi ba. Zancen hana haihuwa kuwa an bincika ba a samu ba.

Ɗan Auta: Anti cire shi kawai kowa ya huta.

Baban Yara: Kai Ɗan Auta, Kawu guda? Ke 'yata kira shi a waya, kar a yi a bainar yara. Ku sa doka ɗaya ta hau kan kowa har ƙanin naki, tambaya da shakka a bar su a ba da amsa a ƙasa, zagi da kiran wani jahili babu.

Mai tambaya: Na gode Baba. To in ya turo wanda zai cutar da wani fa? Na san zai ce wa ya naɗa ni alƙali.

Maman Iman: Duk saƙon da ya ce a daina shan maganin asibiti, ko a sha wani haɗi, ko kar a kai yaro rigakafi, wannan ki goge nan take ki rubuta dalili kowa ya gani, don goggo mai ciwon suga ba za ta jira a gama muhawara ba. Sauran ki bar wa ƙaninki ya amsa, amma ki ce masa ya fara da "Kawu ina wuni".