Wa'adin dakatar da lasina ya cika, ta ina zan faro?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Direban haya ne ni, Gombe zuwa Bauchi. Bara na yi hatsari kusa da Alkaleri, ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma kotu ta ci ni tara ta dakatar da lasina wata 6. Wa'adi ya cika, tara na biya, rasit na hannuna.

Inda gizo ke saƙar, lasin ya ƙare ina cikin dakatarwar. Shin sabuntawa kawai zan yi wurin FRSC (hukumar kiyaye haɗurra), ko sai VIO (jami'an duba motoci) sun sake gwada ni? Sai na karɓo takarda daga kotu tukuna? Mai motar har ya fara zancen ba wani makulli. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan halin ya yi min bayani.